Adalcin Maharazu a Gonar Tumatir

Shekara ashirin da shida Maharazu ya yi yana kabu-kabu tsakanin Illela da Konni, har bayansa ya ce ya gaji. Ya sayar da babur ya koma fadamar Araba yana noman tumatir, noman da shi kansa yake cewa ya iya shi kamar yadda akuya ta iya ɗinki. Shekara biyu shukarsa na yaushi. In ya tuge, sai ya ga saiwar duk ƙulu-ƙulu.

'Yarsa Lubabatu, mai karatun noma a jami'a, ta ce wata tsutsa ce da ido ba ya gani. A kan tsutsar take binciken kammala karatu. Ta zo da jarkar wani ruwa kalar shayi, wanda ta ce ta haɗa da ganyen dogon yaro da azurfar da ta fi gari laushi. Ta raba gonar fangali ashirin, ta kafa jan tsumma a goma. Waɗannan za a riƙa zuba wa, sauran a bar su kawai. Ta koma makaranta.

Bayan sati uku, masu tsumma suka yi shar, 'yan uwansu kuwa suka sunkuyar da kai. Maharazu mutum ne da ko goro ɗaya ya samu sai ya raba wa duk wanda ke zaune. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ɗauki jarka ya bi kowane fangali, yana jin kansa alƙali.

Da Lubabatu ta dawo da littafin awonta, ta tarar da gona kore daga farko har ƙarshe. Uban na tsaye yana jiran yabo.

"Baba, mi kay yi ma waɗanga?"

"Tausai sunka ba ni, ɗiyata."

Ta zauna a bakin rijiya. A hankali ta bayyana masa cewa marasa maganin su ne shaidarta, in babu su ba malamin da zai yarda maganin ne ya yi aiki. Yanzu dole sai ta sake shekara. Maharazu bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ga kwanduna cike da tumatir.

Bana ya ba ta sabon fili. Kowace safiya yana tsugunawa gaban fangali goma da ke mutuwa, hannuwansa duka biyu a cikin aljihu.