Ranar da na yi wa hoto amawali

Abubuwa da yawa sun faru da ni a Arlit na manta da su, amma ranar da na tsaya gaban manyan baƙi ina yi wa hoto amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki, wannan kam ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

Lokacin ina sakatariya a wani ƙaramin kamfani mai manyan motoci, muna ɗauko wa masu haƙar uraniyom kaya daga Agadas. Shekarun ne tawaye ya sake tashi a arewa, ga kuma kamfanoni na ta rububin shigowa. Aiki ya yi yawa a gari, tsoro ma ya yi yawa. Sai aka ce masu kamfaninmu za su zo daga Yamai tare da wasu Turawa, a shirya musu taro da jawabai da kiɗa.

Daraktanmu ya dawo daga wata tafiya da manhajar shirya taro a kwamfutarsa. Za ka sa sunan mai magana ko mai wasa, da hotonsa, da mintin da aka ba shi, ita kuma ta haska shi a bango ta majigi, ta riƙe hoton har lokacinsa ya cika. Ni aka damƙa wa aikin, kuma gaskiya kaina ya kumbura. Kwana uku ina yawo a ofis ina wani shan ƙamshi, ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa.

Na samu hoton kowa, har na masu gita daga Akokan da na matan tande, masu kiɗan turmi na Abzinawa, daga Dannet. Saura na shugaban direbobinmu, wani dattijo Ba'abzine da muke ce wa Baba. Direbobi sun zaɓe shi ya roƙi masu kamfani a daina tura su hanyar Agadas su kaɗai, a bari su riƙa jiran ayarin da soja ke rakawa, don motoci na taka nakiya a hanyar. Sun daɗe suna faɗa wa darakta, yana cewa abin ya fi ƙarfinsa. Minti goma aka ba Baba, kuma ba su da wata dama bayan wannan.

Baba yana kan hanya, sai na buɗe takardunsa na ɗauki hoton katin aiki, wanda ake tilasta wa kowa ya cire rawani kafin a ɗauka. Ga sanƙo, ga gashin baki, ga wushirya. Har na ce a raina, ashe Baba kyakkyawa ne yake ɓoye mana. Ni 'yar Damagaram ce, shekarata ɗaya ke nan a garin. Na ɗauka don rana da iska mazan Abzinawa ke rufe baki. Ban san kunya ce ba, ban san kuma ta fi tsanani gaban surukai ba. Abin da ya ƙarasa ni, tsohuwar da ke jagorantar matan tande ita ce uwar matarsa.

An fara da hantsi don a watse da wuri. Komai na tafiya daidai, hoto ya fito, mutum ya tashi, baƙi su tafa, Turawa na gyaɗa kai, ni kuwa ina gefen kwamfuta ina jin kamar in tashi sama. Sai aka kira Baba. Ya miƙe cikin babbar riga da rawani mai shuni, idanu kawai ake gani. Ya taka uku, fuskarsa ta cika bango a bayansa, wushiryar kaɗai ta kai tafin hannu.

Matan tande suka juya baya a tare, tsohuwar ta ja mayafi ta rufe kanta ruf. Baba ya waiga, ya ga kansa, ya ja amawalinsa sama har idanun ma suka ɓace, ya nufi ƙofa yana laluben kujeru. Wani direba ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Madam, kin kashe mu. Ga surukuwarsa can zaune. In ya fita, wallahi ba ya dawowa."

Na danna duk abin da hannuna ya kai, manhaja ta ƙi, ita dai minti gomanta take ƙirgawa. Na kai hannu zan zare wayar wuta, darakta ya kama ta. "Kar ki taɓa, lasifika ma a nan take, kuma majigin na aro ne." Yau na san da littafi kawai na ɗora a bakin majigin da an huta. Amma a lokacin hankalina ya riga ya tafi. Abu ɗaya ne a kaina, bakin nan a buɗe yake, a rufe shi.

Na cire mayafina, dama akwai ɗankwali a ƙasa, na shiga tsakanin majigi da bango, na ware shi da hannu biyu. Inuwarsa ta hau hoton, ta rufe haɓa, ta rufe baki, na ɗaga kaɗan ta kai karan hanci. Saman kaina kuma na sunkuyar don kar ya shiga ciki.

Wani daga cikin masu gita ne ya fara fashewa da dariya, sai zaure ya ɗauka. Wata mata ta leƙa, ta raɗa wa tsohuwar wani abu da harshensu na Tamajak. Tsohuwar ta juyo, ta ƙare wa bangon kallo, kafaɗunta na rawa don dariya, ta ce mini da Hausarta, "Ɗiyata, ka ɗaga sama kaɗan. Yauwa. Ka riƙe nan." Ta buga tande sau ɗaya.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Ya sassauta amawali daidai ido, ya dubi bango, ya dawo ya karɓi abin magana. Ya yi ta magana har minti goman ya cika cif, ni kuma ina durƙushe hannuwa a sama, gumi na zuba, dariya na cina ba halin in yi, don ko na motsa kaɗan wushirya za ta leƙo. Turawa sun ɗauka cikin shirin ne, har hoto suka yi ta ɗaukata. Amma da Baba ya zo kan maganar hanya, ya faɗi yadda direba ke sallama da iyalinsa kowace tafiya, ba wanda ya ƙara dariya. Kafin a tashi, babban mai kamfani ya ce daga ranar ba motar da za ta fita sai cikin ayari.

Washegari Baba ya shigo ofis, na rasa inda zan sa kaina don kunya. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Ba komi, ɗiyata. Wancan hoto na kamfani ne. Da kin tambaye ni, da na ba ki nawa."

Har yau shirya taro nake yi, kuma manhajojin yanzu sun fi waccan wayo nesa ba kusa ba. Amma daga ranar na koyi cewa samun hoton mutum a hannunka bai ba ka ikon nuna shi ba. Kafin in haska kowa gaban jama'a, sai na je na tambaye shi yadda yake so a gan shi.