Tatsuniyar da Na Katse wa Iya

A gidanmu na Kawo, bayan tashar mota, Iya mahaifiyar babanmu ba ta saba fara tatsuniya sai an sauke tuwo. Sai ta jawo kujerarta kusa da murhu, tana gasa gyaɗa a sauran garwashin, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira maigida, ni kuma take fara miƙa wa gyaɗar.

Wata rana ta ɗauko wata da ba mu taɓa ji ba, ta wata tsohuwa mai rumbu guda. Aka yi fari, gero ya yi tsada, fatake suka yi ta zarya ta sayar musu, ta ƙi. Kullum sai ta ɗebi ƙwarya ɗaya ta kai gidan da ba ta ga hayaƙinsu ya tashi ba, har rumbun ya kusa ƙarewa.

Lokacin ina aji huɗu a sakandare, an fara koya mana tattalin arziki, kaina ya kumbura. Na ce tsohuwar nan ba ta da wayo, da ta sayar da tsada, da baɗi ta cika rumbu uku. Ƙannena suka yi dariya. Iya ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "To maigida, tunda ka fi ni saninta, ƙarasa musu."

Ta shige ɗaki. Tun daga ranar, in ina wurin, sai ta ce bakinta ya gaji.

Yanzu tattalin arzikin nake koyarwa a jami'a. Na daɗe ina bin gidaje a Mando da Kawo, ina binciken yadda talaka ke tsira idan abinci ya yi tsada. Abin da na tarar, kwanon tuwo ne ke ƙetare katanga. Wata Maman Ladi, 'yar kudancin Kaduna, ta ce min, "Malam, in ba ka ji motsin tukunyar maƙwabciya ba, ai ba sai ta faɗa maka ba."

Na rubuta wannan da Turanci, aka buga, aka yi min ƙarin girma. Iya kuwa tuni ta rasu tun ina karatu a waje, ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Bara na tambayi ƙanwata Hadiza yadda tsohuwar ta ƙare. Ta ce, "Yaya, ina za mu sani? Ai kai ka hana mu ji."