Mai Amalanken Bazaga Ya Karɓi Hannuna

Ni dai ban taɓa daɗewa kan abu guda ba. Lakwal, makarantar boko ke nan, na baro ta da wuri, na yi kabu-kabu cikin Konni har nik kada wata hajiya cikin kwata, na sai da esansi, wato fetur, a kwalabe bakin hanya, na yi dakon albasa Galmi. Innata kan ce in anka aike ni sayen gishiri, da sabuwar sana'a nika dawowa. Wata kaka, bayan an ƙare yankan gero, nic ce mata kokowa za ni yi.

"Kai ɗin? Da wane jiki?" tac ce, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tankaɗe.

Kokowar ƙauye ba a haɗa ka da kowa. Kai za ka shiga fili, ka je gaban wanda kake so, ka miƙa mashi hannu biyu. In ya yarda ya tashi ya tafa, in bai yarda ba ya kau da kai. Makaɗi kuwa ba ya yi ma mutum take sai an taɓa kama shi cikin fili. In ba ka da take, kai ba ɗan kokowa ba ne, ƙato ne kawai da bante. Ni kuwa take nika so, ko da na zagi ne.

Ranar kasuwa anka yi wasa wani ƙauye kusa da Dogarawa, bayan la'asar. Na ɗaure banten aro, na rataya layu biyu na aro waɗanda ban ma san na mi ne ba. Da nish shiga, kai tsaye nin nufi zakaran wurin, wani ƙato da ya je gasa Tawa ya dawo da lambobin yabo. Ga su nan rataye a wuyanshi, ana yi mashi fifita. Nim miƙa hannu.

Yad dube ni sama da ƙasa. "Ƙanena, in na kada ka, mi na samu? In kuma tsautsayi ya sa ka kada ni, ina zan sa kaina? Je ka ci tuwo tukuna."

Fili ya ɗauki dariya. To tunda babba ya ƙi, na kusa da shi ma sunka ƙi. Wanga ya kau da kai, wancan ya shiga gyaran guru, wani ma waya yaz zaro shina dannawa. Ina ta zagaye da hannuwa a miƙe kamar mai neman a zuba mashi ruwan alwala. Wata mai ƙosai ta ɗaga murya: "Zo ka kama ni ni, ɗan nan, kada ka koma gida haka!" Na san in na fita filin nan ba wanda ya tashi, har Konni labarin zai riga ni, kuma ba ni sake ɗaura bante.

Can ƙarshen da'ira akwai wani dattijo ɗan Bazaga zaune kan amalanken jakinshi, shina ɓarar gyaɗa. Kowa ya san shi. Gemunshi ya fara furfura, ba shi da lamba ko ɗaya, kuma an kada shi ba adadi, don bai taɓa ƙin hannun kowa ba. Duk wani ɗan kokowar yankinmu da ka ji ana kiɗa ma take, shi yaf fara tashi mashi, har da mai lambobin can. In ana gardamar wane ne babba a teburin mai shayi, masu ƙidayar lamba su yi ta ƙidaya, ni dai wanga mutum nika tunawa.

Na tsaya gabanshi. "Baba, ga hannu."

"Na gani. Bari in ƙare gyaɗata, kai ma ka huta, ka sha zagaye."

Yak kakkaɓe tafi, yat tuɓe riga, yat tafa.

Da munka sarƙe, sai nij ji kamar iccen kuka nir runguma. Shina ta yi mani magana a kunne. "Sauke ƙugu, yaro. Ka tsaya miƙe kamar sandar lantarki." Na sauke. "Yawwa. Kada ka dubi mutane, ba su za su kada ka ba." Ban san yadda anka yi ba, sai ga ƙafarshi ta hagu cikin hannuna. Na ɗaga da iya ƙarfina. Wallahi dattijon nan ya yi tangal-tangal, na ji numfashinshi ya sake, fili ya kaure da ihu. Har na fara tunanin irin rawar da zan taka.

Daga nan sai sama nig gani. Bai tausaya mani ba ko kaɗan, ya maka ni da ƙasa yadda ake maka ma manya, har layar aro guda ta tsinke.

Shi yat tashe ni, shina haki, shina kakkaɓe mani baya. "Ɗan banza, ka kusa kunyata ni gaban jakina. Gwiwar nan ta hagu ta gaji. Baɗi in mun gamu, nan za ka nema, amma ka shigo ta ƙasa, ba ta gefe ba."

"Baba, ni kake gaya ma inda zan kama ka?"

"To wa zai gaya maka? Wancan?" Yan nuna mai lambobi da haɓa.

Makaɗi ya matso da gangarshi, yat tambayi ɗan wane gari ne ni. Nic ce Konni. Ya ɗan gwada kiɗa, ya sake gwadawa, sannan maroƙinshi ya ɗauka: "Na Konni mai kama ƙafar tsoho, ka ɗaga ba ka aje ba!" Mutane na ta dariya, har mai ƙosai tana guɗa. Ni kuwa na ɗaga hannu sama na shiga rawa, yashi cike da kunnena.