Juwairiya da Kaset ɗin Baba

Shekara shida ke nan Juwairiya tana jinyar mahaifinta, Baba Salihu, a gidansu na Bukan Sidi, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu. Yayyenta maza uku duk suna Abuja.

Kullum bayan la'asar sai ta sa masa kaset guda, wani tsohon fim na yarinyar da ta bar makaranta don jinyar ubanta, aka yi ta sa mata albarka. Baba kan ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna talabijin, sannan ya nuna ta. Har 'yan dubiya sun haddace: "Ga ta fim, ga ta zahiri."

A 2007 ta samu gurbi a makarantar noma ta Shabu, ran Juma'a za a rufe rajista. Ran Laraba ƙawarta Winifred, wadda ke karatu a can, ta shigo ta tarar ana kallo.

"Wannan yarinya ba shi da 'yan'uwa maza ne?" in ji Winifred.

"Tana da su, biyu."

"To ina suke?"

Juwairiya ta mai da ido kan talabijin. Ta kalli fim ɗin nan ya fi a ƙirga, har kuka ta sha, ba ta taɓa lura ba. Sau ɗaya tak aka nuna su, suka ajiye ledar lemo suka fita. Yarinyar kuwa ba wanda ya tambaye ta me take so.

Washegari ta kira babban yayansu, Abdulrahaman.

"Yaya, na samu gurbin karatu, ku samo mai zama da Baba, ko ku riƙa karɓa-karɓa. Da yamma ina gida."

"Haba auta! Baba na cin abincin wani ne in ba naki ba? Ai ke kika kwashe albarkar gidan nan. Af, na ji kaset ɗinsa ya fara cin zare, na samo masa na faifai. Direba zai kawo."

Ran Juma'a ta sa takardunta a jaka, ta roƙi maƙwabciyarsu Jumai ta ba Baba kunu. Har ta tsayar da ɗan acaɓa a ƙofar gida, sai Jumai ta leƙo.

"Ya datse baki fa, ko cokali ɗaya. Sunanki yake ta kira."

Ɗan acaɓa ya murza mai. "Anti, za mu je ne ko in wuce?"

Ta ɗan jima riƙe da bayan babur ɗin.

"Wuce," ta ce.