Baƙin Sama da Makullin Fanfo

Shekara shida ke nan makullin fanfon unguwarmu yana hannuna, kuma sau ɗaya tak aka taɓa neman in rufe shi don a hana wasu mutane ruwa. Abin da ya fisshe ni ranar wata tatsuniya ce da kakata Dije ta ƙaga a gabanmu muna yara, don kawai ta ƙure wani fim.

A Kara-Kara na tashi, cikin Zinder. Kowa a garin ya san asalin unguwar: nan ake kai waɗanda kuturta ta taɓa, nesa da idon jama'a. Daga Dakusa aka kawo Kaka Dije tana budurwa. Cutar ta warke, amma ta bar mata yatsu uku-uku a kowane hannu. Mu jikokinta ba mu taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, tunda hannun ne ke miƙo mana gyaɗa.

In sanyi ya shigo, da an idar da magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora kaskon yashi, ta hau suyar gyaɗar da za ta sayar gobe. Ni da Habu, ɗan kawuna, sai mu matso mu ce ɗumi muka zo ji, alhali ta san gyaɗa muke fako. Ni take kira maigida, tana cewa ba ta taɓa ganin ragon miji irina ba, ga ci kamar gara, ga shi ko gishiri bai taɓa kawowa ba. Tatsuniyoyinta ba su da iyaka, kuma ba ta jin kunyar canza ƙarshen labari in ta ga wani ya fara hamma.

A shekarun nan ne wani mutum ya buɗe gidan kallo a bakin hanya: rumfar zana, tele ɗaya, da injin kuran, wato na wutar lantarki, mai tari kamar tsohon jaki. Wata ranar Lahadi muka ga fim ɗin da ya juya mana kai. Wasu halittu ne suka sauko daga sama cikin wani jirgi mai faɗin gari guda. Kafin su buɗe baki sojoji sun buɗe wuta. Aka yi ta rushe benaye, duniya duka ta rasa yadda za ta yi, har sai da wani jarumi ɗaya, wanda manyansa ba sa jin maganarsa, ya shiga jirgin shi kaɗai ya tarwatsa shi. A ƙarshe aka ɗaga tutar ƙasarsu a kan ɓaraguzai, kowa na kuka yana tafi. Mu ma muka yi tafi, kamar tutar ubanmu ce.

Da yamma muka hana Kaka sakat. Habu ya ɗauki muciya ya mayar da ita bindiga, ni kuma ina yin ƙarar jirgi. Ta bar mu muka gama tsaf tana juya gyaɗarta, sannan ta tambaya ko duk faɗin duniya babu mai hankali sai a ƙasa ɗaya, kuma a ƙasar ma sai mutum ɗaya. Muka ce haka fim ɗin ya nuna. Ta ce ai dole, wanda ya riƙe ludayi ba ya zuba wa kansa kaɗan. Sai ta ɗago ta dube mu.

"To su baƙin, da suka sauko, an ba su ruwa?"

Habu ya fashe da dariya har muciyar ta faɗi. Ya ce Kaka, waɗannan fa dodanni ne, yaƙi suka zo yi. Ta ce wa ya gaya masa, tunda ba a bar su sun yi ko sallama ba. Ta gyara zama, ta ce mu rufe baki, ga ta nan ta sauko daga sama. Muka ce ta sauka lafiya mu ji ta.

Wai a wata shekarar fari, tun ba a gama ganuwar Damagaram ba, wata ƙatuwar ƙwaryar ƙarfe ta sauka a bayan duwatsu. Wasu halittu suka fito, jikinsu fari fat kamar toka, ba gashi ba gira. Gari ya ruɗe. Manya suka shiga shawara, maƙera suka kwana uku suna ƙera kibau, aka hana kowa zuwa wajen. Akwai wata tsohuwa da ba ta ji sanarwar ba, don ba wanda ke zuwa ƙofarta da labari. Tana dawowa daga rijiya mai nisan rabin yini, da tulu ɗaya a ka, sai ta yi kiciɓis da su. Ta duba ta ga leɓunansu sun tsage. Ta sauke tulun, ta cika moɗa, ta miƙa wa babbansu. Ya sa hannu biyu ya karɓa, sai ta ga yatsunsa uku-uku ne.

Nan Kaka ta ɗaga hannayenta cikin hasken wuta ta nuna mana yadda ya riƙe moɗar. Muka yi dariya, don ta iya kwaikwayo.

Suka sha har tulun ya ƙare. Suka sunkuyar da kai, suka koma ƙwaryarsu, ta tashi da su. Da mayaƙa suka iso washegari da kibansu, ba su tarar da komai ba sai sawu da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙurunƙus, in ji ta, kan wanda ya hana baƙo ruwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambaye ta me suka ba tsohuwar, zinariya ko rijiyar da ba ta ƙafewa. Ta ce ba su ba ta komai ba, sai ma komawa rijiya da ta yi. Habu ya ce to wannan ai ba labari ba ne, ina nasarar?

"A fim ɗinku gida nawa ya rage a tsaye?" in ji ta. "A nawa ko zana ɗaya ba ta ƙone ba. Ku ci gyaɗa."

Kaka ta rasu ina lakwal ta sakandare. Bayanta na ga finafinan sama iri-iri, na kuma gane abin da take nufi da mai ludayi. Wata ƙasar jarumi ɗaya take nunawa, mai taurin kai, wanda ya fi hukuma gaskiya. Wata kuma dubban mutane take nunawa cikin kaya iri ɗaya, suna bin umarni ɗaya har su tsira. Kowace abin da take so a faɗa a kanta take ɗorawa a sama. Amma sai da na yi gemu kafin na gane cewa ba a banza Kaka ta ba baƙin nan yatsu uku ba. Ta san yadda ake ji in mutum ya iso gari da ƙishi, mutane suna ja da baya da tulunansu.

Sai ga wata bazara, rikicin gabas ya koro mutane. Gidaje bakwai suka kafa bukkoki a filin bayan unguwarmu, yawancinsu mata da yara, Barbarci kawai suke ji. Wanda ya san Zinder ya san ruwa a nan ba abin wasa ba ne. Fanfonmu awa uku yake zuba da safe, layin bido kuwa, jarkokin ɗiban ruwa, har ya sha kwana. Kwana biyu da zuwansu aka fara faɗa a layi. Mai unguwa ya kira taro bayan la'asar a gindin dogon yaro.

Habu ne ya fi kowa zafi. Yanzu makanikin moto ne, mai gyaran babura, ƴaƴansa takwas. Ya ce ruwan bai ishe mu ba balle wasu, kuma wa ya san ko su waye a cikinsu. Ya ce a riƙa rufe fanfo, a buɗe wa ƴan unguwa kawai. Jama'a suka goyi bayansa. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ji tsoro, kuma maganarsa ba ƙarya ba ce, don matata ma ranar da rabin bido ta dawo. Mai unguwa ya juyo ya ce, Lawali, makulli na hannunka, me ka ce?

Na sa hannu a aljihu na taɓa makullin. Can nesa da taron wata mata tana tsaye da bido ba komai a ciki, ba ta jin abin da muke faɗa amma ta san a kanta ake yi. Ban shirya jawabi ba. Na dubi Habu kawai.

"Habu, su baƙin, da suka sauko, an ba su ruwa?"

Ya harare ni. Sannan ya ce, "Wannan ba adalci ba ne, Lawali. Ka kawo mini Kaka cikin taro."

Mutane suka ce a gaya musu zancen, na ba su tatsuniyar yadda na ji ta. Da na zo kan yatsu uku sai kowa ya gane inda zancen ya dosa. A gaba-gaba akwai dattawan da kuturta ta taɓa, hannayensu ɓoye cikin riga, sauran mu kuwa kowa ya san wanda ya haifi ubansa da yadda ya zo unguwar nan. Wani tsoho, Baba Nomau, ya zaro hannunsa mai guntayen yatsu ya ɗaga shi sama. Ba a ma ƙidaya ra'ayi ba. Aka tsayar da layi ɗaya, kowane gida bido biyu, in ruwa ya rage a sake zagayowa.

Washegari na buɗe fanfo, sai ga Habu ya ratso layi. Ya karɓi bidon matar nan ya tara shi da kansa, ya ɗora mata a ka, yana gunaguni wai kada wanda ya kuskura ya yi masa dariya. Duk layin aka yi masa. Ni kuwa daɗi ya cika ni.

Ruwa bai ƙaru ba. Bazarar nan duka wanka sai an yi dabara, kuma baƙin ba su ba mu komai ba, don ba su da shi. Amma ko zana ɗaya ba ta ƙone a Kara-Kara ba. Yau ƴaƴansu Hausa suke yi kamar a nan aka yanke musu cibiya, kuma tare da nawa suke cinkoso a kan waya ɗaya suna kallon jiragen sama. Kwanan baya na leƙa na ga sojoji sun jeru suna jiran ƙofar jirgi ta buɗe, na yi musu tambayar da na gada. Ƙaramar ƴata ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba, ka yi musu haƙuri," in ji ta. "Su ba su da Kaka Dije."