Giyar da Bai Sha Ba

Shagonsa na ƙarƙashin wani tsohon bene: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, da bencin masu jira. Mai askin nan hannunsa sanyi gare shi, har yara kan yi barci yana musu aski. Bai taɓa kai giya bakinsa ba.

Abin ya faro ne bayan wata doguwar jinya, inda ya sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Ya warke, amma da ya ci burodi ko shinkafa da rana, can anjima sai harshensa ya yi nauyi, ƙafafu su riƙa harɗewa. Ga shi sana'arsa ta sunkuyawa ce a kan fuskokin mutane. Suka ji warin giya a bakinsa. Ranar da ya yanki kunnen wani tela, benci ya zama wayam, unguwa ta laƙaba masa Kwalba. Masu tsokana kan leƙo su tambaya ko yau ma an cika shi.

Ya yi rantsuwa har ya gaji. Matarsa ta birkice gida, ƙarƙashin katifa, bayan tankin ruwa, ba ta ga komai ba, sai ta ɗauka ya iya ɓoyo ne.

Mahaifiyarsa ba ta taɓa yi masa faɗa ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ya sunkuya zai gyara mata matashi, ta kau da fuska, sannan ta riƙe hannunsa.

"Auta, ka bari, ko don ni."

Ya ga ba ta da sauran ƙarfin sauraron wata rantsuwa.

"Na bari, Inna."

Bayan rasuwarta ne wata likita ta zaunar da shi a asibiti, ta ba shi ruwan sukari, ta auna jininsa, sai ga giya. Ta ce magungunan can sun kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, yis irin mai kumbura burodi ya samu fili a cikinsa, yana mayar da abincinsa giya. Magani da sauyin abinci suka daidaita shi.

Mutane sun dawo aski, wasu har da neman gafara. Matarsa ta yi kuka sosai. Shi kam bai yi murnar kirki ba. Ya hana a taɓa ɗakin Inna. Wani lokaci matarsa kan same shi a tsaye bakin ƙofar da rana tsaka, yana maimaita bayanin likitar a hankali, yana sauƙaƙa kalmomin yadda tsohuwa za ta gane.