Naman Hadaya a Garejin Ammi Bakur

Kwana biyu bayan an sauko daga Mina, a shekarar da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar sanyi, na tsaya a bakin garejin da muke kwana a unguwar Hindawiyya ta Makka ina kallon Ammi Bakur yana sauke wani baƙin ƙarfe daga bayan motarsa. Ban fi shekara tara ba. An wuni ana yayyafi, rana ta ƙi leƙowa, igiyoyin da Inna ta ɗaura daga bango zuwa bango duk sun lanƙwashe da naman hadaya wanda ya ƙi bushewa. Ya dire ƙarfen a gaban Baba, ya kaɗe hannuwansa, ya ce, "Daffaya ke nan, ya Haruna. Da ita mutanen Ɗa'ifa suke korar sanyi. Ku ƙauyawa ba ku san komai ba sai jiran rana." Ina ba da wannan labari ne ina cikin takaba, jikata tana rubutawa, domin tun da aka fita da gawar maigidana na kasa ci gaba da haɗiye abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Ammi muke ce masa, wato baffa, amma Bakur ba ƙanin Baba ba ne, garin iyayensu ne ɗaya a ƙasar Kano. Shi a Makka aka haife shi, yana da takardarsa ta ɗan ƙasa, yana tuƙin haya, kuma ba ya yin Hausa sai in zai yi zagi. Baba kuwa ya zo aikin Hajji ne da Inna, suka zauna, ba igama, wato takardar izinin zama, yana dako a kasuwa. Bakur ya ba mu garejinsa, motarsa tana kwana a waje, shi da iyalinsa suna sama. Doka ɗaya na tashi da ita a wannan ɗaki: kada a yi abin da zai kawo askarawa ƙofar gida. Ba a faɗa da ƙarfi, ba a kuka da ƙarfi. In na faɗi na kurje gwiwa, Inna takan toshe mini baki da gefen mayafinta kafin ta dubi ciwon, tana cewa, "Kukanki zai iya raba ki da ubanki."

Naman hadaya shi ne damunarmu. Inna da matan unguwa sukan tafi mayanka a Mina su ɗauko abin da alhazai suka bari, su dawo da shi a ka cikin manyan kwanoni, jini yana bin wuyansu. A zauna a yanyana shi siriri, a shafe shi da gishiri da yaji, a shanya. Da shi muke miya har watan azumi ya zagayo, kuma Bakur yakan sauko ya zaɓi na cinya ya hau da shi ba tare da ya ce sannu ba. Aikina shi ne korar ƙuda da kyanwoyi da ganyen dabino. In hannuna ya gaji, ni da ƙawata Ta-Makka, 'yar maƙwabtanmu, mukan zauna ƙarƙashin igiyoyin muna carafke da tsakuwoyin da muka tsinto a Muzdalifa, kitse yana ɗigo mana a ka. A shekarar nan dai naman ya fara canza wari, Bakur kuma ya ga rabonsa zai lalace. Wannan ne ya sa ya kawo daffaya, ba tausayinmu ba.

Shi ya haɗa ta da hannunsa, wai wanda ya san wayar mota ya san ta gida. Akwai akwatin ƙarfe a bango, ƙarƙashin matattakalar gidansa, wanda suke kira tablon, inda wutar gidan take rabuwa, da jerin baƙaƙen maɓallai a ciki. Ya huda bangon gareji, ya zuro wata siririyar waya, ya ɗaura ta a kan maɓallin da firjinsa yake. Daffayar ta zo da wani ƙaramin akwati mai abin murzawa, wanda in ɗaki ya yi zafi sai ya yi ƙas ya kashe ta, in ya huce ya sake kunnawa. Na so wannan akwati, nakan tsuguna ina jiran ƙarar. Shi Bakur ya tsane shi. Da ya sauko ya tarar ƙarfen ya yi sanyi, sai ya ce, "Ragguwa ce kamar ku, ta yi aiki kaɗan ta kwanta." Ya sa filaya ya datse akwatin, ya murɗe wayoyin biyu wuri ɗaya, ya naɗe su da tsumma da gam.

Daga nan daffaya ba ta ƙara hutawa ba, sai maɓallin tablon ya fara faɗuwa da kansa, wutar sama ta ɗauke, matarsa ta leƙo ta taga tana cewa takaru, wato mu, za su narkar mata da ƙanƙara. Bakur ya ɗaga maɓallin, ya faɗo. Ya sake ɗagawa, ya sake faɗowa. A gabana ya ciro asuwakinsa daga aljihu, ya karya, ya tokare maɓallin da shi, ya ƙara ɗaure shi da zare. Inna ta ce a hankali tana jin ƙaurin roba. Ya ce mata, "Uskuti, ya hurma, rufe mana baki, hancinki ya saba da hayaƙin kara." Baba bai san lantarki ba, kuma ko ya sani, wanda yake kwana a garejin wani ba ya musu da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji."

Washegari bayan azahar, Bakur ya kulle gidansa ya kwashi iyalinsa zuwa walima a unguwar Rusaifa. Baba ya dawo cin abinci ke nan wayar ta fara hayaƙi daga ramin bango, ta kama tsumman, kitse ya ɗiga a kan jan ƙarfen, wuta ta bi igiya kamar ana janta. Abin da har yau yake ƙona mini zuciya shi ne babu wanda ya yi ihu a cikinmu. Gobara tana ci, mu uku muna kashe ta shiru kamar ɓarayi. Inna ta watsa ruwa, wayar ta yi tartsatsi ta jefar da ita gefe. Tablon yana bayan ƙofar da aka kulle, ƙofar katako ce wadda kafaɗar ɗan dako za ta ɓalle a bugu ɗaya. Na ga Baba ya tsaya a gabanta, ya ɗaga ƙafa, ya sauke. Ya ji tsoron a ce baƙo marar takarda ya fasa gidan ɗan ƙasa. Ya koma yana dukan wutar da jiƙaƙƙen buhu.

Hayaƙi ba ya jin rarrashi. Ya fita ta saman ƙofa, unguwa ta gani, aka kira 'yan kwana-kwana, askarawa suka biyo su. Da Baba ya ji jiniya, ya tura mu gidan su Ta-Makka, ya ce wa Inna, "Ko me kika ji, kada ki fito." Ta tsagar ƙofarsu na ga sauran. Bakur ya iso da farin tobinsa, doguwar rigar Larabawa mai ƙamshin turare, aka tambaye shi wa ya ja wannan waya. Ya miƙa yatsa ya nuna Baba, ya ce da Larabci wani ɗan dako ne da ya bari ya ajiye kaya, bai san yana satar masa wuta ba. Baba ya dube shi, bai ce uffan ba, domin in ya buɗe baki za a tambayi wa yake kwana tare da shi a ɗakin. Aka sa shi a mota, hannayensa duk sun sale. Daga baya muka ji an kai shi Jidda an sa shi a jirgin ruwa. Saƙonsa ya zo mana ta bakin alhazai na 'yan shekaru, sannan ya daina zuwa.

Yanzu ba mai shanya nama a Hindawiyya, manyan motoci masu sanyi ne suke kwashe hadaya, yaran gidanmu ma ba su san ɗanɗanonsa ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ne yake iya ce mini, "Hajara, ki yafe, mutumin nan ya tarar da aikinsa," in yi shiru saboda kunyarsa. To, shi ma ya tafi, kuma ban yafe ba. Bakur ya tsufa cikin jikokinsa, aka yi masa salla a Harami, aka binne shi a ƙasar Makka. Baba, wanda ya bar garinsu domin ya kwanta a wannan ƙasa, har yau ban san inda kabarinsa yake ba.